Yadda Ake Girka Kifin Salmon A Gida Don Abincin Dare

Kifin salmon ba ya son daɗewa a wuta. Hannunmu ya saba da tarwaɗa da karfasa da taitus, waɗanda muke tsundumawa cikin mai mu ƙyale su sai sun bushe ƙayau. To in kika yi wa salmon haka, kin yi asarar kuɗinki. Tsokar za ta kafe, kitsen da ke cikinta ya tsiyaye a kasko, a ci a rasa abin da ake ta yabo. Suyarsa duka-duka ba ta wuce minti 10 ba. Aikin yana gabanin ɗora kasko ne: zaɓen kifin, narkar da ƙanƙararsa, da tsane shi. In waɗannan suka yi daidai, ko amaryar da ta tare jiya za ta fitar da shi lafiya lau.

Awon da zan bayar na mutum 4 ne, kuma suyar kasko ce, don ita ce kowane gida zai iya. Na oban da na gawayi suna can ƙasa.

Kayan haɗi

- Salmon yanka 4 da fatarsa, kowane giram 150 zuwa 200, kaurinsa santimita 2 da rabi zuwa 3
- Gishiri, ƙaramin cokali 1
- Masoro dakakke, rabin ƙaramin cokali
- Man gyaɗa, babban cokali 2
- Soyayyen man shanu, babban cokali 2, ko bota in ita ce ke akwai
- Tafarnuwa ƙwara 4
- Ɗanyar citta 'yar ƙarama
- Attaruhu 1 ko 2
- Lemon tsami 2
- Lawashin albasa kaɗan

Kayan aiki

Kasko mai kauri da faɗin gindi. Irin wanda abinci ba ya kama mashi ya fi sauƙi ga mai koyo, na baƙin ƙarfe ma yana yi ƙwarai in ya daɗe yana shan mai. Abin gudu shi ne kaskon alminiyom marar nauyi, domin wuri ɗaya yake tara zafi, fata ta ƙone tsakiyar kifi na ɗanye. In shi kaɗai gare ki, ki ƙara mai cokali 1, ki rage wuta. Sai cokali mai faɗi irin na juya wainar ƙwai, wuƙa mai kaifi, katakon yanka, hantsaki mai tsabta na cire ƙaya, da tishun kicin ko farin ƙyalle wankakke da kika ware don abinci. Ma'aunin zafin abinci, wanda ake soka wa nama, yana da amfani, amma ba dole ba ne. Zan nuna maki yadda ido da cokali mai yatsu za su maye gurbinsa.

1. Saye

Salmon kifin ruwan sanyi ne. Ba a kama shi a dam ɗin Jibiya ko Zobe ko Ajiwa, ba kuma ya rayuwa a tafkin siminti na masu kiwon tarwaɗa. A kogi yake ƙyanƙyashewa, ya gangara teku ya girma, ya sake hawowa kogi ya yi ƙwai. Wanda ake sayarwa a shaguna galibi na kiwo ne a manyan keji cikin teku. Norway ce kan gaba, tun kusan 1970 suka fara wannan kiwo, yanzu suna fitar da fiye da tan miliyan 1 a shekara, sai Chile ke bi masu. Abin da wannan ke nufi gare ki shi ne duk salmon da kika gani a Katsina ya sha doguwar tafiya, ya ratsa hannuwa da firiza da yawa kafin ya iso. Don haka idonki ya fi kai wa ga yadda aka adana shi, ba ga girman yankan ba.

Ba kullum ake samunsa a gari ba. Ki fara da manyan shagunan zamani masu firiza da masu sayar da kifin ƙanƙara a kwali. In babu, ki ba mai zuwa Kano ko Abuja saƙo, amma da sharaɗin kula da ƙanƙara. Tsakanin Kano da Katsina kusan kilomita 170 ne, kifin da ya yi wannan tafiya a but ɗin mota cikin leda tsirara ya gama narkewa kafin a iso Ƙofar Ƙaura.

Ga abin da za ki duba. Tsokar salmon launinta tsakanin ruwan hoda ne da ruwan lemo, da fararen layuka na kitse a jere. Launin daga abincinsa yake samo shi. Fatar kuwa fara ce mai ƙyalli ta wajen ciki, mai duhu da ɗigon baƙi ta wajen baya, da ƙananan ɓawo. Akwai masu kifi da za su miƙo maki wani kifi mai farar tsoka ko mai duhu su ce ai salmon ne. Ki ce, “Malam, ɗan yanka mani in ga cikinsa,” ko ya nuna maki kwalin. In ya ƙi, ki yi gaba. Kuma in kuɗin da ya faɗa bai wuce na taitus da komai ba, kin san araha ba ta ado.

Na cikin leda kuwa, ki juya shi ki duba kusurwoyin. In kika ga jan ruwa ya taru ya daskare a gefe ɗaya, ko garin ƙanƙara ya cika ledar, alama ce ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi. In gefen tsokar ya yi fari ya bushe, ya daɗe a firiza. Duka biyun ki bar su. Ki duba kwanan watan da ke jiki.

Wani abu da ke ruɗa masu saye: akwai salmon da ake yankawa siriri-siriri a jera a ƙaramin fakiti, an turara shi da hayaki mai sanyi. Wannan ba na suya ba ne, a kan burodi ake cinsa, kuma bai dahu da wuta ba, don haka mai ciki ta kauce mashi.

In da zaɓi, ki ɗauki yankan tsakiya, kaurinsu ɗaya, su dahu tare. Amma ki haɗa da yankan wutsiya guda, za ki ga amfaninsa nan gaba.

2. Narkar da ƙanƙara

Nan ne mafi yawan kifi ke lalacewa. Hanyar da ta fi ita ce ki fitar da shi daga firiza tun daren jiya, ko da asuba in yankan ba su da kauri, ki ɗora a faranti ki rufe, ki sa a can ƙasan firij. In a cikin ledar nan yake da aka zuƙe wa iska, ki farke ta ki fitar da shi tukuna. Dalili kuwa, akwai ƙwayar cutar da ke jin daɗin wurin da babu iska, tana iya fitar da guba in sanyi ya ragu, kuma kin san firij ɗinmu ba kullum yake riƙe sanyi ba.

In babu wuta, ko kin makara, ki sa kifin a sabuwar leda marar huji, ki ƙulle, ki nutsa a ruwan sanyi, ki riƙa canja ruwan duk minti 30. Awa 1 ko da ɗan ɗoriya ya ishe shi. Ruwan randa ya yi. Ruwan tankin da ya wuni a rana kuwa ba ruwan sanyi ba ne, in shi ke gare ki, ki sayi ƙanƙara ki jefa.

Kada ki shanya shi a rana, kada ki zuba mashi ruwan zafi, kada kuma ki bar shi a roba a kicin tun hantsi da cewa ai sai dare. Ƙa'idar masana abinci ita ce ɗanyen kifi kada ya wuce awa 2 a waje, in zafin gari ya haura digiri 32 a ma'aunin Selsiyos kuwa awa 1 tal. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina kan wuce digiri 40, lissafin a bayyane yake. Da hunturu abin ya fi sauƙi, amma ƙa'idar ba ta faɗi ba. Wanda kuma ya narke, a girka shi ran nan, kada a mayar firiza.

In ya narke, ki shinshina. Ƙarnin salmon mai kyau kaɗan ne ƙwarai. Ki danna tsokar da yatsa, ya kamata ta dawo. In ya yi tsami ko wari, ko yatsanki ya bar rami, ko yana yauƙi, haƙuri za ki yi ki zubar, duk tsadarsa.

3. Gyara da tsanewa

Wankin da muke wa tarwaɗa, da ruwan zafi da toka ko lemon tsami don cire yauƙi, ba ya cikin tsarin salmon. Ba shi da wannan yauƙin. Ruwan zafi zai fara dafa bayansa, lemon tsami kuma in ya daɗe a jiki sai tsokar ta yi fari ta saki, ta dagargaje a kasko. Lemon yana da wurinsa, amma a ƙarshe.

Ki shafa fatar. In akwai ɓawo, ki kankare da bayan wuƙa daga wutsiya zuwa kai, ki ɗauraye sau ɗaya da ruwan sanyi. Fatar kuwa kada ki cire. Ita ce ke tare tsokar daga zafin kasko, kuma in ta soyu daidai yara har faɗa suke a kanta.

Sai ƙaya. Ko an ce maki an cire, ki bi tsakiyar tsokar da ɗan yatsa a hankali. Akwai jerin siraran ƙaya guda da ke tsaye a cikin nama, za ki ji kawunansu suna sukar yatsanki. In sun ɓuya, ki kife ƙaramin kwano ki ɗora yankan a kai, fata a ƙasa, sai kawunan su leƙo. Ki kama da hantsaki ki ja ta inda ƙayar ta karkata, ba sama tsaye ba, don kada tsokar ta yage. In babu hantsaki, ki haɗa bakin wuƙa da babban yatsa. Yankan wutsiya ba shi da wannan ƙayar, shi ya sa ya dace da ƙananan yara.

Yanzu ki tsane shi, ki tsane shi sosai. Ki danna tishu sama da ƙasa, ki sake da wani, har fatar ta daina ƙyallin ruwa. Jiƙaƙƙen kifi shi ke kama kasko, shi ke sa mai fallatsi, kuma fatarsa ba ta taɓa yin ƙaras-ƙaras. In da wuta, ki ajiye shi a firij a buɗe, fata a sama, na minti 30, iskar firij za ta ƙarasa busar da ita.

4. Gishiri da kayan ƙamshi

Gishiri da masoro kawai za su taɓa kifin kafin suya, kuma sai kin kusa ɗora kasko. In kin barbaɗa da wuri, gishirin zai jawo ruwa, sai kin sake tsanewa.

Na san hannu zai yi ƙaiƙayi. Mun saba kwaɓa kifi da jajjagen attaruhu da tafarnuwa da kori da magi mu bar shi ya kwana. Amma tafarnuwa da attaruhu ba sa jure minti 7 a kasko mai zafi, ƙonewa suke su yi ɗaci, ruwan jajjagen kuma ya mayar da ke baya a aikin tsanewa. Duk za su shiga, amma a romon da za mu yi daga baya. Kori ni ba na sa mashi ko kaɗan, yana danne ɗanɗanon da kika biya kuɗi dominsa. Magi, in gidanku ba a cin abinci sai da shi, rabin dunƙule a romo ya wadatar.

Akwai wata dabara ga mai lokaci. Ki narka gishiri babban cokali 1 a kowane kofi 1 na ruwan sanyi, ki nutsa kifin minti 10, ki fitar ki tsane. Wannan na sa gishiri ya ratsa, yana kuma rage farin abin nan da ke tsattsafowa a jikin kifin lokacin suya. In kin bi wannan hanya, kada ki ƙara wani gishirin.

5. Gama sauran abinci tukuna

Salmon shi ne na ƙarshe a wuta, ba ya jiran kowa. Shinkafarki ko dankalinki su sauka kafin Magariba, ki yayyanka tafarnuwa da citta da attaruhu da lawashi ki ajiye kusa, ki jera faranti. Kaskon kifi kuwa sai kin ji an sallame, ko kin ji motsin maigida a zaure.

Yana tafiya da farar shinkafa, da dafaffen dankalin Turawa, da kuskus mai karas da koren wake. A wurina babu kamar dambun shinkafa da ya ji zogale, don ɗan ɗacin zogalen na yanke maiƙon kifin. Miyar manja mai nauyi kuwa ba ta dace da shi ba, mai ne zai haɗu da mai.

6. Suya

Ki ɗora kasko a wuta mai ɗan ƙarfi ya yi minti 2, ki zuba man gyaɗa. Ki jira har man ya saki yana gudu a kasko yana sheƙi, amma kafin ya fara hayaƙi. In kina shakka, ki taɓa gefen kifin a man, in ya yi cuuu nan take, ya yi.

Ki kwantar da yankan, fata a ƙasa, kina sakinsa ta gefen da ya yi nesa da ke don kada mai ya fallatso maki. Da ya ji zafi fatar za ta takure, yankan ya nemi lanƙwashewa. Ki danne shi da cokali mai faɗi na daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya kwanta, kowane yanka haka. Sannan ki rage wuta zuwa matsakaiciya. In kaskon ƙarami ne, bibbiyu za ki soya, a bar fili a tsakani. In kika cunkusa su, zafin kasko zai faɗi, su fara fitar da ruwa, suya ta koma dahuwa.

Daga nan sai ki ɗauke hannunki. Kada ki motsa shi, kada ki ɗaga ki leƙa, kada ki rufe kasko, don tururi zai jiƙa fatar. Ki sunkuya ki kalli gefen yankan. Za ki ga launin na canjawa daga ƙasa: ruwan lemon nan mai sheƙi yana komawa hoda mai haske, kuma canjin na hawa a hankali, layi bayan layi. Shi ne agogonki. In ya ci kashi uku cikin huɗu na kaurin, sauran ɗan saman ne kawai ke da launin ɗanye, lokacin juyawa ya yi. Ga yankan da kaurinsa ya kai santimita 2 da rabi, wannan kan ɗauki minti 6 zuwa 7.

Ki zura cokali ƙarƙashinsa a hankali. Fatar da ta soyu da kanta take sakin kasko. In kika ji ta riƙe, ba ta gama ba ne, ki ƙara mata rabin minti, kada ki ɓamɓare da ƙarfi. Ki juya, ki ba ɗaya gefen minti 2. Sau ɗaya ake juya salmon.

A risho ko kurfoti, inda ba a rage wuta da maɓalli, ki riƙa janye kaskon gefe in kika ji ƙarar ta yi yawa ko man ya fara hayaƙi. In kuwa gunduwa-gunduwa aka yanka maki shi, da ƙashi a tsakiya da fata a kewaye, babu gefen fata da za ki kwantar, sai ki raba lokacin daidai, minti 4 zuwa 5 kowane gefe.

7. Gane ya dahu

Hukumar kula da abinci ta Amurka ta sa digiri 63 a tsakiyar tsoka a matsayin zafin da kifi ya dahu. Masu girki a manyan otal na Turai sukan sauke salmon tun bai kai haka ba, su bar tsakiyarsa da sauran sheƙi. Ban ba ki wannan shawarar a nan ba. Nasu jiya ko shekaranjiya ya fito daga ruwa, namu kuwa ba mu san sau nawa wuta ta ɗauke a kansa ba. A dafa shi ya dahu, musamman ga mai ciki da yara da tsofaffi. Sai dai dahuwa daban, bushewa daban, kuma tsakaninsu minti 1 ne ko 2.

Halin salmon ɗaya da na ƙwai: ko an sauke shi, zafin jikinsa na ci gaba da dafa shi. Don haka in kina da ma'auni, ki soka a wuri mafi kauri, ki sauke a digiri 60, ki bar shi a faranti minti 3, zai ƙarasa da kansa. In babu ma'auni, ki sa cokali mai yatsu a wuri mafi kauri ki ɗan buɗa. In tsokar ta rabu salla-salla ba gardama, launin cikin ya zama ɗaya da na waje amma da danshinsa, ya yi. In tsakiyar na sheƙi tana riƙe, ki mayar minti 1.

Farin abin da ke fitowa a gefe ba ƙazanta ba ne, sinadarin gina jiki ne na kifin da zafi ya matso waje, ana ci. Kaɗan ba komai. In ya yi yawa, wutarki ce ta yi ƙarfi ko ya daɗe, gaba sai ki rage. Haka ma shimfiɗar nan mai launin toka da ke ƙarƙashin fata, kitse ne, wanda ƙarninsa ya dame shi ya kankare.

Ki ajiye shi fata a sama yayin da yake hutawa. In kika kwantar da fatar a faranti, gumi zai lausasa ta.

In akwai dattijuwa a gidan, ki shirya jin, “Ke 'yar nan, wannan kifi ai bai soyu ba.” Kada ki tsaya musu da Hajiya. Yankan wutsiyar nan siriri ne, ki bar shi a kasko ya ƙara minti 2 har gefensa ya yi ja, ki kai mata shi. Kowa ya ci nasa yadda yake so.

8. Romon man shanu

Cikin minti 3 da kifin ke hutawa za ki gama wannan. Ki tsiyaye man da ke kaskon ki bar kaɗan, ki rage wuta can ƙasa, ki zuba man shanu. Soyayyen man shanu namu ya fi bota jure zafi, bota saurin ƙonewa gare ta, in ita ce ki sauke kaskon ya ɗan huce tukuna. Ki zuba tafarnuwa da citta da attaruhu, ki juya minti 1, da ƙamshi ya tashi ki zuba ruwa babban cokali 4, ki kankaro abin da ya kama gindin kasko. Ki sauke, sannan ki matse lemon tsami 1, ki watsa lawashi, ki ɗanɗana gishiri. Mai son zaƙi-zaƙi ya ɗiga zuma ƙaramin cokali 1 a nan. Ki zuba romon a gefen kifin ko kan shinkafa, ba kan fatar ba. Ɗaya lemon ki yanka huɗu ki sa wa kowa a faranti.

In ba kasko za ki yi amfani da shi ba

Oban ya fi sauƙi in baƙi sun yi yawa. Ki kunna ya yi zafi zuwa digiri 200, ki shafa wa tire mai, ki jera yankan fata a ƙasa, ki shafa masu man shanu da gishiri da masoro, minti 12 zuwa 15, babu juyawa. A nan za ki iya ɗora tafarnuwa da yankan lemo tun farko. In oban ɗinki irin wanda ba shi da lamba ne, ki bar shi ya yi zafi minti 15, ki fara dubawa daga minti 10. Fatar ba za ta yi ƙaras-ƙaras ba, wannan ne kawai rashin.

Gawayi kuma ya fi kowa ƙamshi. Ki jira garwashin ya yi fari, harshen wuta ya mutu. Ki kwaɓa yajin ƙuli da ɗan man gyaɗa ki shafa wa tsokar, ki naɗe kowane yanka a foyil, wato takardar alminiyom ta naɗe abinci, da yankakkiyar albasa, ki ɗora a raga, fata ta wajen wuta, minti 10 zuwa 12. Yajin ƙuli a foyil yake yi, a kasko ƙonewa yake. In za ki gasa ba foyil, ki shafa wa ragar mai sosai, kuma ki sani kitsensa na ɗiga ya tayar da wuta, sai ki tsaya a kai.

In babu oban babu foyil, kuma kina tsoron kasko, ki shimfiɗa albasa da tumatir da tattasai yankakku a gindin tukunya da ɗan mai da ruwa rabin kofi, in sun fara tafasa ki ɗora kifin a kai, ki rufe, wuta kaɗan, minti 10. Wannan ya fi dacewa da marar lafiya ko tsoho.

Kan salmon da yankan ciki, in kin samu, sun fi tsokar araha kuma sun fi ta kitse. Farfesu ake yi da su. Ki cire jan abin da ke cikin kumatun kan, ki haɗa romonki da citta da kanumfari da masoro da daddawa ya dahu tukuna, sannan ki sa kifin minti 10 zuwa 12. Kada ki sa ludayi, girgiza tukunyar za ki riƙa yi.

In an zaga ba a samu salmon ba, wannan suyar ta fata a ƙasa tana yi da tsokar giwan ruwa mai kauri, sai dai ki ƙara man shanu don ba shi da kitse sosai. In kuwa don lafiya kike neman salmon, saboda kitsen nan mai amfani ga zuciya da ake kira omega 3, to taitus ma yana da shi da yawa, a kuɗin da bai kai ba. Ki tsaga shi biyu ki cire ƙashin baya, ki bi matakan nan, amma ki rage lokacin zuwa minti 4 a gefen fata da minti 1 a ɗayan.

Wanda ya rage

Da ya huce ki rufe ki sa a firij, kada ya kai awa 1 a waje in lokacin zafi ne, a cinye cikin kwana 2. Ɗumame da wuta mai ƙarfi na busar da shi ya kuma tayar da ƙarni. Gara ki cire fatar, ki marmasa tsokar a wainar ƙwai da safe, ko ki zuba a taliya ana dab da saukewa ya yi zafi sosai. In kuwa kin san wutar unguwarku ba ta kwana, kada ma ki ajiye. Ki zuba a kwano da ɗan romon, ki ba yaro ya miƙa maƙwabta tun da zafinsa.